Jini a Fitsari da Lafiyar Ƙoda: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin marasa lafiya da masu jinya a Zariya da ƙauyukan kewaye. An sa musu lamba don a ji daɗin komawa daga wannan amsa zuwa waccan.

1. Na ga jini a fitsarina sau ɗaya, washegari ya washe. Dole ne in je asibiti?

Dole ne. Jinin fitsari yana zuwa ya ɗauke, ya sake dawowa, kuma ɗaukewarsa ba waraka ba ce. Ƙari a mafitsara yakan zubar da jini na yini guda, sannan ya yi shiru na makonni ko watanni yana ci gaba da girma. Ita kuma ƙoda ba ta da ƙorafi: tana iya rasa fiye da rabin ƙarfinta mutum yana harkokinsa bai ji komai ba.

Wannan ba dalilin firgita ba ne. Mafi yawan abubuwan da ke kawo shi a nan, wato tsargiya, ciwon sanyi da tsakuwa, suna da magani. Yawan jan ma ba shi ne ma'aunin tsanani ba, domin mililita 1 na jini ya isa ya sauya launin lita guda ta fitsari. Abin da ake so shi ne a gano inda jinin ya fito. Ka je cikin kwana biyu ko uku, sai dai idan kana da ɗaya daga cikin alamomin tambaya ta 16, to wannan na yau ne.

2. Daga ina jinin yake fitowa? Ko da yaushe daga ƙoda ne?

A'a. Ƙoda biyu ce, tana can bayan ciki, ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe, hagu da daman ƙashin baya, kowacce tsawonta santimita 10 zuwa 12. A cikin kowacce akwai ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya. Suna tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kullum, su mayar da kusan duka cikin jiki, lita 1 zuwa 2 kawai ke fita a matsayin fitsari. Daga kowace ƙoda siririn bututu yana sauka zuwa mafitsara, daga nan kuma hanya ɗaya ta fitar da shi waje. A jikin namiji, hanyar tana ratsa ta cikin furostet, wata ƙaramar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsara.

Saboda haka zubar jinin iri biyu ce. Na farko, matatar ce ta lalace. Aikinta kamar na ƙyallen tatar koko ne: ruwa ya wuce, dusa ta tsaya. Idan ƙyallen ya yage, ƙwayoyin jini da furotin da ya kamata su tsaya sai su bi fitsari. Wannan shi ne ciwon ƙoda na ainihi. Na biyu, matatar lafiyarta lau, amma wani abu ya ji wa hanyar rauni bayan an gama tacewa: tsakuwa, ƙwan tsargiya, ƙwayar cuta ko ƙari. Na farkon aikin likitan ƙoda ne, na biyun yawanci na likitan tiyatar hanyar fitsari. Duk gwaje-gwajen tambaya ta 14 da ta 15 ƙoƙari ne na raba waɗannan biyun.

3. Duk jan fitsari jini ne?

Ba duka ba. Rifampicin, ɗaya daga magungunan tarin fuka, yana mayar da fitsari, gumi da hawaye ruwan goro, kuma ba illa ba ce. Shawara tana sa shi ya yi duhu, amma za a ga idanu sun yi ɗorawa. Ƙarancin ruwa, kamar a bazara ko da yammacin azumi, yana sa shi ya yi kauri da duhu, ya washe da zarar an sha ruwa.

Akwai kuma iri biyu da ba jini ba ne kai tsaye amma suna da haɗari ga ƙoda. Ɗaya shi ne idan jajayen ƙwayoyin jini suka farfashe tun a cikin jijiya, launinsu ya fito a fitsari baƙi-baƙi. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana yin haka. Haka ma masu ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini (ƙarancin gado ne kuma ya fi kama maza), idan suka sha wasu magunguna irin su primaquine da dangin salfa, ko jariri ya shaƙi kafur ɗin da ake sa wa kaya. Na biyu shi ne idan tsokar jiki ta daddage, bayan mugun duka, ko gini ya danne mutum, ko atisaye mai tsanani cikin rana ba ruwa. Dukansu biyu suna toshe matatar, kuma suna buƙatar ƙarin ruwa a asibiti da wuri.

4. Me zan lura da shi a gida kafin in ga likita?

Yawancinmu a tsugune muke fitsari, a masai ko a bakin rariya, mu bi da ruwan buta, don haka ba ma ganin komai sosai. Nemi gorar ruwa fara guda uku, ka yanke bakinsu, ka wanke. Ka fara fitsari a ta farko, ka koma ta biyu ba tare da tsayawa ba, ɗigon ƙarshe kuma a ta uku. Ka ɗaga su wajen haske. Idan ta farko ce kawai ja, matsalar tana hanyar waje. Idan ta ƙarshe ce, tana wuyan mafitsara ko furostet, kuma a wajen yaro wannan ita ce alamar tsargiya. Idan duka ukun launinsu ɗaya, jinin ya gauraya tun daga cikin mafitsara ko daga ƙoda.

Launin ma yana magana. Ja mai haske da gudaji yana nuni ga hanya. Launin baƙin shayi ko na Coca-Cola, babu gudaji, ga kumfa da ba ta bajewa, yana nuni ga matata. Ɗauki hoto da waya, ka riƙe ranar da abin ya fara, ko da zafi ko babu, da ko an yi zazzaɓi, ciwon maƙogwaro ko faɗuwa kafin nan.

5. Ɗana yana ɗigar jini a ƙarshen fitsari. An ce zafin rana ne, wasu sun ce alamar balaga ce.

Ba rana ba ce, ba shan rake ba ne, kuma babu balagar da ke zuwa da jini a fitsarin namiji. Tsargiya ce mafi kusa, kuma tsutsa ce ke kawo ta. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara gano ta a Alƙahira a 1851.

Ga yadda take zagayawa. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi. Bayan mako 4 zuwa 6, dodon koɗin ya fara sakin dubban 'ya'yan tsutsa da ido ba ya gani. Suna huda lafiyayyar fata cikin 'yan mintuna, ba sai da rauni ba, ba kuma sai an sha ruwan ba. Suna girma a jiki, su tare a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, su fara zuba ƙwai. Ƙwan yana da ƙaya a gindinsa, kuma ratsawarsa ta bangon mafitsara ce ke kawo jinin, musamman lokacin da ta matse a ƙarshen fitsari. Daga shiga ruwa zuwa ganin jini akan yi mako 10 zuwa 12, shi ya sa iyaye ba sa haɗa abin da wankan rafin da aka yi wata uku baya.

Duk ruwan da ke kwance ko mai tafiya a hankali, mai ciyayi a gefe, yana iya ɗaukar wannan dodon koɗi, ko gefen Kubanni ne, ko Galma, ko bakin dam, ko kududdufin da aka haƙi ƙasar gini. Yara masu ninƙaya, almajirai masu wanki, masunta, masu wankin babur da mota a bakin rafi da manoman rani su ne a gaba. Ba a ɗaukarta ta masai ko ta kwano.

6. Mene ne maganin tsargiya, kuma me ya sa take dawowa?

Praziquantel, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki. Ƙwaya ɗaya miligiram 600 ce, don haka yaro mai kilo 30 ƙwaya 2 zai sha, babba mai kilo 60 kuma 4. A auna nauyin a sikeli, kada a kintata. Rabon da ake yi a makarantu da sandar auna tsayi yake amfani. A sha bayan an ci abinci sosai, domin yana da ɗaci kuma yana kawo jiri, tashin zuciya da ciwon ciki na 'yan awoyi. Mai farfaɗiya da mai shan rifampicin su gaya wa likita kafin su sha.

Dawowarta dalili uku ne. Ko an sha ƙasa da ƙima. Ko akwai ƙananan tsutsotsin da ba su gama girma ba, waɗanda maganin ba ya kashewa, shi ya sa likita kan maimaita bayan mako 2 zuwa 4. Ko kuma, wanda ya fi yawa, yaron ya koma ruwan. Maganin ba rigakafi ba ne. Idan dole sai an yi amfani da ruwan rafi, a ɗebo a ajiye shi kwana biyu kafin wanka ko wanki, 'ya'yan tsutsar ba sa wuce haka da rai. Manomin fadama ya sa dogon takalmin roba. Idan jini bai tsaya ba bayan wata biyu da shan magani, kada a sake sayen wani a kemis, a koma gwaji da hoto.

7. Tsargiya tana taɓa ƙoda ne, ko a mafitsara take tsayawa?

Tana taɓawa, ta bayan gida. Ƙwan da bai fita ba yana maƙalewa a bangon mafitsara da ƙasan bututun da ke saukowa daga ƙoda. Shekara da shekaru wurin yana yin tabo, ya ƙanƙance. Fitsari ya kasa sauka, ya taru a sama, ƙodar ta kumbura, namanta ya yi ta sirancewa. A yara wannan kumburin yakan koma bayan magani. A babban da tabo ya riga ya kama, sai an haɗa da tiyata. Tsohuwar tsargiya kuma tana cikin sanannun musabbaban kansar mafitsara. Wanda ya yi ta a ƙuruciya, jinin ya ɗauke da kansa ba a taɓa ba shi magani ba, yana da kyau ya yi gwajin fitsari da hoton ciki ko da lafiyarsa ƙalau.

8. Fitsarin yana zafi, ina yi a kai a kai, ga jini. Sanyi ne?

Mai yiwuwa ƙwayar cuta ce a mafitsara, kuma ta fi kama mata saboda gajertar hanyarsu. Amma a kai fitsari a shuka, wato a raini ƙwayar cutar da ke cikinsa a ɗakin gwaji, kafin a fara shan magani, sakamakon yana fitowa cikin kwana 2 zuwa 3 ya nuna maganin da ƙwayar ke ji. Wanda ya riga ya sha ampiclox guda huɗu daga kemis ya ɓata gwajin, bai kuma kashe cutar ba. Idan zazzaɓi, rawar ɗari, amai da ciwon kwiɓi suka shigo, cutar ta hau ƙoda, kuma kowane irin wannan hawa yana iya barin tabo.

Abin da aka fi mantawa shi ne sake gwaji kamar mako 6 bayan gama magani, don a tabbatar jinin ya tafi tare da cutar. Idan yana nan, akwai wani abu a ƙarƙashi. Namiji da yaro ƙarami, ko sau ɗaya suka yi, a bincika dalili. Idan kuma ana ta ganin ruwan mugunya a gwaji amma shuka ba ta fitar da komai, a tuna da tarin fuka na ƙoda. Ana gwada shi da fitsarin asuba na kwana uku a jere.

9. Ciwo ya murɗe ni daga kwiɓi zuwa mara, sai ga jini. An ce tsakuwa ce.

Ciwon tsakuwa ba ya ɓuya: yana zuwa ya lafa ya dawo, ya sauka zuwa matsematsi ko maraina, mutum ya kasa zaune ya kasa tsaye, ga amai. Girmanta ne ke yanke hukunci. Wadda ba ta kai milimita 5 ba yawanci tana fita da kanta cikin 'yan makonni. Wadda ta wuce milimita 10 da wuya ta fita sai an fasa ta ko an ciro ta. Ka riƙa tace fitsarin da ƙyalle, idan ta faɗo ka kai a duba irinta. Lafawar ciwo ba shaidar fita ba ce, domin tsakuwa tana iya toshe bututu shiru har ƙodar ta lalace, don haka a sake hoto. Tsakuwa haɗe da zazzaɓi kuwa gaggawa ce.

Kariya ita ce ruwan da zai sa ka fitar da lita 2 zuwa 2.5 na fitsari a yini. A ƙiyasi, ledar fiya wata 5 zuwa 6, fiye da haka ga ɗan acaɓa, birkila ko manomi a watan Maris da Afrilu. A azumi a rarraba shi tsakanin buɗa-baki da sahur. A rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya, a lissafa har da dunƙulen miya. Ba a hana nono ko madara ba. Wannan shawarar ruwan ba ta shafi wanda ƙodarsa ko zuciyarsa ta riga ta gaza ba. Shi likita ne zai ƙayyade masa.

10. Yarinyata ta tashi fuska a kumbure, fitsarinta kaɗan kuma kamar baƙin shayi.

Wannan a kai ta asibiti yau. Alamar kumburin matatar ƙoda ce, kuma a yara 'yan shekara 5 zuwa 12 yakan biyo bayan ciwon maƙogwaro da mako 1 zuwa 2, ko ƙurajen fata masu ruwa, irin ƙazwar da aka sosa ta yi mugunya, da mako 3 zuwa 6. Ba ƙwayar cutar ce ta shiga ƙodar ba; garkuwar jiki ce, a wajen faɗa da ita, ta kumbura matatar. Mafi yawan yara suna warkewa sarai. Haɗarin yana kwanakin farko: gishiri da ruwa suna taruwa, jini ya hau har ya kai ga jijjiga, ko ruwa ya cika huhu. Don haka ake auna hawan jinin yaro, a hana gishiri, a riƙa auna abin da ta sha da abin da ta fitar. Kada a yi ta ɗura mata ruwa ko jiƙo da sunan wanke ƙoda. Jinin da ido ba ya gani yana iya kai shekara yana fitowa a gwaji, wannan kaɗai ba abin tsoro ba ne idan furotin da hawan jini sun daidaita.

Wani abu dabam: yaro ɗan ƙasa da shekara 5 da aka ji ƙullutu a gefen cikinsa lokacin wanka, da jini ko babu, a yi masa hoto ba tare da an yi ta matsa wurin ba. Akwai ƙarin ƙoda na yara da ke jin magani sosai idan an kama shi da wuri.

11. Ni AS ne, ba SS ba. Sikila za ta iya sa ni fitsarin jini?

Za ta iya. Can tsakiyar ƙoda iskar oksijin ta yi ƙaranci, gishiri ya yi yawa, kuma a irin wannan yanayin har ƙwayar jinin mai AS tana lanƙwashewa ta toshe ƙananan jijiyoyi. Jinin yakan zo ba zafi, sau da yawa daga ƙodar hagu, bayan aikin ƙarfi ko ƙishirwa. Hutu da ruwa suna tsayar da mafi yawansa, amma a duba yawan jinin jiki, a kuma yi hoto kafin a ɗora wa sikila laifin. Mai SS kuwa ya kamata a riƙa duba furotin a fitsarinsa kowace shekara tun daga wajen shekara 10, kuma ya yi hattara da magungunan tambaya ta 13, waɗanda ciwon ƙashi ke sa shi yawan nema.

12. Baba ya haura sittin, jini yana zuwa ba tare da wani zafi ba. Furostet ne?

Zai iya zama shi, musamman idan fitsarin yana fita da ƙyar, yana tsinkewa, yana ta da shi da dare. Amma ƙa'idar ita ce: duk wanda ya haura 40 ya ga jini da idonsa ba zafi, sai an kore kansar mafitsara da ta ƙoda kafin a ce furostet ne kawai. Rashin zafin da ke kwantar wa iyali hankali shi ne ke ɗaga na likita. Taba sigari ita ce babbar musabbabi, sai tsohuwar tsargiya ta tambaya ta 7, sai daɗewa cikin aiki da sinadaran rini na zamani, fenti da roba.

Hoton ciki kaɗai bai isa ba, yana iya tsallake ƙaramin ƙari. Ana buƙatar leƙa mafitsara da siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta hanyar fitsari bayan an sa man kashe zafi. Yawanci ba ya wuce kwata na awa. Dattawa da yawa suna ƙin sa saboda kunya, ya kamata 'ya'ya su rarrashe su, domin ƙarin da bai ci bango ba ana kankare shi ta wannan hanyar ba tare da an tsaga ciki ba.

13. Magungunan da nake sha za su iya zama sanadi?

Masu tsinka jini, irin su warfarin da aspirin, suna sa jini ya fi saurin zuba, amma sau da yawa wani ciwo ne da ke ɓoye suka tona, don haka binciken yana nan. Kada a daina su sai da izinin wanda ya rubuta. Waɗanda suka fi cin ƙoda a ɓoye su ne na ciwon jiki: diclofenac, ibuprofen da piroxicam, musamman haɗin da ake ƙullawa a leda don gajiya, inda akan sami biyu ko uku daga dangi ɗaya. Suna rage jinin da ke shiga ƙoda, kuma ga mai ƙishirwa, mai hawan jini ko mai ciwon suga illar ta fi sauri. Allurar gentamicin ba bisa ƙa'ida ba ma haka. Jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a jarka kuwa, ba a san abin da ke ciki ba balle ƙimarsa. Ka tattaro duk abin da kake sha, har da na gargajiya da na ƙarin kuzari, ka kai wa likita a leda. Ba faɗa zai yi ba.

14. Wane gwaji za a yi, kuma yaya ake kai fitsarin?

Ana farawa da tsinken gwaji da ake tsomawa, sai duba fitsarin a madubin likita, sai shuka, sai auna hawan jini, gwajin jini na aikin ƙoda da hoton ciki. Karɓi kwalbar ɗakin gwaji, ba kwalbar magani da aka ɗauraye ba. A yi tsarki da ruwa, a bar farkon fitsarin ya zuba, a tari na tsakiya, a kai cikin awa 2, domin ƙwayoyin jini suna narkewa idan ya daɗe a zafi. Na tsargiya dabam ne: tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwai ya fi fita, kuma har da ɗigon ƙarshe. Rashin ganin ƙwai sau ɗaya bai kore ta ba, a maimaita. Don hoton mafitsara a je da ita a cike.

Mace ta jira kwana biyu ko uku bayan ɗaukewar al'ada. Mai juna biyu kuwa ba ta jira, domin dole a tabbatar ta ina jinin ya fito. Haka jini a fitsarin mai naƙudar da ta daɗe alama ce kan jariri yana danne mafitsara, hanyar yoyon fitsari ke nan. Gwajin farko ana samun sa a yawancin asibitoci, har da na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan. Abin da ya kai ga ƙwararrun ƙoda ko leƙa mafitsara akan tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A tafi da takardar turawa da duk tsofaffin sakamako.

15. Yaya zan fahimci takardar sakamakon?

Alamar + a gaban jini daga tsinke take, kuma tsinke ba ya bambance jini da iri biyun ƙarshe na tambaya ta 3, wato farfashewar ƙwayoyin jini da daddagewar tsoka. Madubi ne ke tabbatarwa: jajayen ƙwayoyi 3 ko fiye a kowane fili da aka duba. Layin da ya fi muhimmanci ga ƙoda shi ne na furotin. Jini shi kaɗai ya fi nuni ga hanya. Jini da furotin tare, balle da hawan jini na 140/90 ko sama, yana nuni ga matata, kuma wani lokaci sai an tsakuro ɗan naman ƙoda da allura kafin a san irin ciwon. A irin wannan akan gwada ciwon hanta na B da C da kuma HIV, domin dukansu suna taɓa matatar.

A gwajin jini, a nemi kiriyatinin, wato wani dattin jini da ƙoda ke fitarwa, da lissafin eGFR, wanda ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda. A eGFR, daga 90 zuwa sama daidai ne. Ƙasa da 60 na tsawon wata 3 ciwon ƙoda ne mai daɗewa. Ƙasa da 15 gazawa ce. Kiriyatinin yana iya zama cikin iyaka alhali an yi asarar kusan rabin aikin ƙoda, musamman ga tsoho ko siririn mutum, don haka kyawunsa kaɗai bai wanke ƙoda ba.

16. Yaushe ne ba a jiran gobe?

Idan fitsari ya ƙi fita, mara ta cika tana ciwo: gudan jini ne ya toshe, sai an sa roba an wanke mafitsarar. Idan fitsarin yini guda bai cika ledar fiya wata ɗaya ba. Idan akwai zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko kumburi da haki, ko jiri da farin ido. Bayan haɗarin babur ko duka a kwiɓi ko ƙugu, ko da ba a ga rauni a waje ba. Idan kuma jini na ɗiga a bakin kaciya bayan haɗari, kada kowa ya zura roba sai likitan tiyata ya gani. Sai saran maciji: dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma jan fitsari ko jinin dasashi yana nufin ana buƙatar allurar kashe dafi nan take, ba tsaga ko ɗauri ba.

17. Wannan yana nufin zan kai ga wankin ƙoda?

Ga mafi yawan mutane, a'a. Wanki na wanda ƙodojinsa biyu suka gaza ne, kuma ƙoda ɗaya lafiyayya tana riƙe mutum. Akwai gazawar farat ɗaya, wadda wanki na ɗan lokaci kan isa har ƙodar ta farfaɗo, akwai kuma ta dindindin mai buƙatar awa 4 sau uku a mako, ko dashe. Manyan masu kai mutane can su ne hawan jini, ciwon suga da ciwon matata da ba a kula ba, kuma ana iya rage saurinsu ƙwarai da saukar da hawan jini da magunguna irin su lisinopril ko losartan, waɗanda ke rage zubar furotin. Mai juna biyu ba ta shan waɗannan.

18. An yi duk gwajin ba a ga komai ba, amma tsinke yana nuna jini. Sai me?

Yana faruwa. Idan bayan gudu ko atisaye ne, a huta kwana 3 a sake. Na motsa jiki yana ɗaukewa cikin wannan lokacin. Idan ya ci gaba, a tambayi dangi: akwai wanda ya yi fitsarin jini, ko kurumta tun da ƙuruciya, ko wankin ƙoda? Wasu iyalai suna gadon matata mai sirara wadda ba ta cika yin illa ba. Wasu kuma suna gadon ƙoda mai ƙulle-ƙullen ruwa, wadda kowane ɗa ke da rabin yiwuwar ɗauka daga mahaifi ko mahaifiya mai ita.

A sake gwajin fitsari cikin wata 6 zuwa 12, sannan kowace shekara a duba abu uku tare: hawan jini, furotin a fitsari da kiriyatinin. A ajiye takardun wuri ɗaya bisa jerin kwanan wata, domin likita ya fi amfana da ganin yadda lambobin ke tafiya fiye da sakamakon rana ɗaya. Idan furotin ya bayyana, ko jini ya hau, ko aka ga jan da ido, a koma ba tare da jiran cikar shekarar ba.